Batir da Katakon Tagwaye

Motar Auta ba ta tashi da makulli. Makullin yana nan, har da ɗan tuntu ja da aka rataya masa don ado, amma iyakar aikinsa buɗe ƙofa. Abin da ke tayar da motar shi ne Tela, mijin yayar Auta, magidanci mai furfura a gemu da 'ya'ya uku da ciwon baya.

Gidajensu layi ɗaya ne, shagunansu kuma kasuwa ɗaya, can ƙasan gari. Tela yana ɗinki, Auta yana sayar da tabarau. Kullum da safe Auta zai shiga mota, ya gyara madubi, ya zaɓi tabarau ɗaya cikin na sayarwa ya maƙala, ya sa giya biyu, sannan ya miƙo hannu ta taga ya kaɗa yatsa. Tela zai dafa bayan mota ya fara turi. Sai an kai gangaren kantin magani take yin tari, ta yi atishawa, ta feso masa hayaƙi a gaban riga, sannan ta yarda ta tashi. Da yake in ta tsaya mutuwa take yi, dole Tela ya bi ta da gudu ya faɗa kujerar baya tana tafiya. Ƙofar gaba ta gefen fasinja an ɗaure ta da waya tun bara.

Duk wannan Tela ya jure. Ya sha jin ana cewa wanda ya hau motar kwaɗayi zai sauka a tashar wulaƙanci, amma shi a ganinsa ba a taɓa maganar wanda ya tura ta ba, don haka karin maganar ba ta shafe shi ba.

Sai ranar da wani mai sayen tabarau ya tambayi Auta me ya hana shi sayen batir.

"Ina da batir," in ji Auta. "Yayata yake aure. Ba ya shan caji, abinci kawai ake ba shi."

Kafin azahar sunan ya zagaye kasuwa. Masu kawo ɗinki suka fara tambaya ko nan ne shagon Batir. Auta, wanda Tela ya ɗinka wa wandon makaranta na farko, wanda da ba ya iya ɗaga ido ya dube shi sai ya ce Yaya, yanzu daga bakin ƙofa yake ƙwala kira, "Batir, an shirya?" Tela yakan yi dariyar yaƙe, don ƙanin mata abokin wasa ne, wanda ya yi fushi shi ya faɗi.

Abin ya kai maƙura ne wata rana ana cin abinci, Auta ma yana nan ya zo kwasar rabonsa kamar kullum. Ƙaramar 'yar Tela, wadda ko haƙoran gaba ba ta gama mayarwa ba, ta leƙa kicin ta ce, "Mama, Batir ya ce a ƙaro ruwa."

Tela ya ajiye cokali. Ya goge baki a hankali, ya dubi Auta.

"Daga yau," ya ce, "in aka sake ganin hannuna a bayan motarka, ko mazaunaina a kujerarta, a sauya min suna."

"Ai an riga an sauya," in ji Auta, ya jawo kwanon Tela gabansa tunda mai shi ya ƙoshi.

Rantsuwa ba ta da nauyi a baki, sai an zo ɗauka. Kasuwa da nisa, motar haya ba ta shigowa layinsu, babur ya fi ƙarfin aljihunsa, keke kuwa tun yana saurayi suka yi rabuwar da ba ta daɗi a cikin wani kwata. Yana cikin wannan tunani ya kai dutsen gugarsa wajen Mai Gyara.

Shagon Mai Gyara ɗaki ne guda da fankoki suka cika har rufi, wasu ba kai, wasu ba ƙafa. A tsakiyar ɗakin akwai wani babban daro, kuma duk rimot ɗin da ya shigo shagon, na talabijin ne ko na fanka ko na me, a cikin daron nan yake ƙarewa. Mai Gyara ya ce tsari ne, abu ba ya ɓata in an san inda aka jefa shi. A gefen daron Tela ya ga wasu katakai biyu masu taya hurhuɗu, an ɗora ɗaya kan ɗaya.

"Na yara ne?"

"Na manya ne masu hankali," in ji Mai Gyara. "Caji ake yi masa. Ka tsaya a kai kamar mai jiran mota, ka tura wannan ɗan maɓalli gaba da babban yatsa, ya tafi da kai. Ka ja shi baya, birki ke nan. Ba mai, ba lamba, ba direba mai baƙar magana."

Maganar ƙarshen nan ta shiga Tela har ɓargo.

"Na hannu ne?"

"Na wasu tagwaye ne. Sun girma sun yi faɗa, kowa ya ce ba ya son abin da ya yi kama da na ɗan'uwansa."

Ya tura hannu cikin daro har gwiwa, ya lalubo wasu rimot biyu baƙaƙe iri ɗaya, ya mayar da ɗaya, ya danna ɗaya. Tarin katakan ya ɗauki ruri, ya hau rawa har ƙura na tashi. Tela ya matso kusa. Ya zaɓi na saman, don ya fi ƙarancin ƙarzuwa, kuma tela ba ya sayen yadi mai tabo. Suka yi ciniki irin na mutanen da kowannensu ke ganin ya cuci ɗan'uwansa, Mai Gyara ya haɗa masa da caja da rimot, ya ƙara da cewa kayan da ya fita shagonsa ba ya dawowa. Dutsen gugar ma Tela a can ya manta shi.

A gida ya jona katakon a falo, ya zauna yana gadinsa har 'yar fitilar ta koma koriya. Matarsa ta zagaya shi tana riƙe da tsintsiya.

"Baban yara, wannan na yankan albasa ne ko na wanki?"

"Mota ce."

"Ina kujerar?"

"Masu zama su ne ake raina wa."

Da safe ya fito da kayan da ya ɗinka wa kansa. Ya ciro soson kafaɗa daga wata tsohuwar kwat da mai ita bai dawo karɓa ba, ya yi wa gwiwoyinsa da gwiwar hannu matashi. Ya ajiye katakon a tsakiyar layi, ya hau, ya gyara tsayuwa. Can gaba Auta na zaune kan motarsa, ya harɗe ƙafa yana jiran ya ga ƙarshen rantsuwa.

Tela ya tura maɓalli. Shiru. Ya sake turawa har yatsansa ya yi fari. Katakon ko gezau, kamar dakalin ƙofar gida.

Komawa ciki ba ta taso ba. Ya sauke ƙafar dama, ƙafar da ta shekara da shekaru tana taka keken ɗinki, ya dangwali ƙasa, katakon ya gangara. Kuma da yake mutum ne da ya saba magana da allurai a baki, ya iya fitar da sauti ba tare da leɓe ya motsa ba. Ya fara ruri ta hanci, zuuu, daidai irin wanda ya ji a shagon Mai Gyara.

"Batir," in ji Auta da ya zo wucewa, "sabon inji?"

Tela ya ɗaga rimot sama don a gani. Ba damar amsawa, in ya buɗe baki inji ya mutu.

"To me ya sa ƙafarka ke taɓa ƙasa?"

Tela ya yi kamar ya sassauta wuta, ya ce, "Ɗumama shi ake yi," ya ci gaba da zuuu.

Haka ya isa kasuwa, zufa har cikin takalmi. Dawowa ta fi wuya, don hawa ce, kuma ruri a kan hawa yana cin numfashi.

Ɗinkin mutane ya kwanta. Tela ya kifa katakon a kan teburin yanka, ya aro sifana, ya kwance tayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya ciro boris ɗin cikin tayoyin ya wanke da kananzir, ya tsane shi da ƙyallen shadda, ya ɗiga masa man keken ɗinki. Ya duba bel ɗin da ke juya taya, ya ga haƙoransa lafiya, ya tsince tsakuwar da ta maƙale da tsinken allura. Ya ɗaure duk notin da ya ga yana motsi, har da waɗanda aka yi su don su motsa, sannan ya sake sassauta su. Ya ɗinka wa akwatin batir riga mai zif don kada ruwa ya shiga. Katakon ya yi kyau, ya yi santsi, in an tura shi yana tafiya kamar a kan mai. Abu ɗaya ne kawai ba ya yi, wato abin da aka saye shi dominsa.

Ya koma wajen Mai Gyara.

"Kawo mu gani," in ji shi. Ya karɓi rimot ya danna. Katakon Tela yana ƙasa bai ce uffan ba. Can saman kanta, inda aka mayar da ɗayan, wani abu ya yi ruri, ya zabura, ya kwaso fankoki uku suka zubo ƙasa.

Su biyun suka ɗaga kai.

"Ɓeraye," in ji Mai Gyara.

"Ɓera mai kukan inji?"

"Sun daɗe a shagon nan. Sun fara koyon aiki." Ya ƙwanƙwasa katakon Tela da bayan sukundireba, ya kara kunne kamar mai sayen kankana. "Lafiyarsa ƙalau. Bai saba da kai ba ne. Ka san tagwaye, in ka raba su sai ɗaya ya ƙi cin abinci. Ka sayi ɗayan ka haɗa su."

Tela ya ɗauki kayansa ya fita. Bai waiwaya ba, shi ya sa bai ga abin da ke a fili ba. Rimot ɗin da ke aljihunsa na katakon saman kanta ne. Nasa yana can ƙasan daro, tsakanin na wata talabijin da na wata fankar da ta riga mu gidan gaskiya. Ranar ciniki na ƙasa ne ya yi ruri, na sama rawa kawai ya taya shi.

Kwanaki suka tafi. Tumbin Tela ya faɗa, ƙwaurinsa na dama ya yi kauri har sai da ya buɗa wa wandunansa ƙafa ɗaya. Rurin ma ya ƙware, ya iya na tashi da na hawa da na rage gudu. A banɗaki yake bita, a nan matarsa ta gane komai.

"Baban yara," ta ce tana miƙa masa tawul ta saman ƙofa, "da kana tura mota, in an jima ta ɗauke ka. Yanzu kana tura katako har kasuwa, kuma kai ne salansa. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri."

"Kin faɗa wa ƙaninki?"

"In faɗa masa in rasa abin kallo da safe?"

Shi kuwa Auta duniya ta yi masa zafi. Ba wanda ya gaji Tela a bayan mota. Maƙwabta da sun ji ƙarar tuntun makulli sai kowa ya tuna yana da ciwon ƙugu. Tayoyi suka sace, wata mage ta haihu a kujerar baya, daidai wurin zaman Tela. Auta ya koma tafiya a ƙasa da takalminsa mai tsini, kullum Tela na wuce shi a gangare, rimot a sama, fuska a murtuke, zuuu. Bai daina cewa Batir ba, amma muryar ta fara sanyi. Wata rana ya sami yayarsa a kicin.

"Anti, a ina mijinki ya sayi abin nan?"

Ta dube shi, ta dubi tukunya, ta tuna duk kwanukan da ya cinye a gidan nan. Ta kwatanta masa shagon dalla-dalla. Mai Gyara kuwa ya rabu da katakon cikin farin ciki, tunda ya gaji da kayan da ke zabura shi kaɗai, ya lalubo ɗayan rimot daga daro ya haɗa masa.

Washegari da safe Auta ya tura ƙyauren gidansa don kada a gan shi yana koyo. Ya hau katako a tsakar gida, ya sa tabarau, ya tura maɓalli. Shiru. Ya tura har ƙarshe ya riƙe.

Daidai lokacin Tela ya zo wucewa ta ƙofar gidan yana rurinsa. Sai ya ji rurin ya yi kauri, ya yi zurfi, har yana jin sa a tafin ƙafa. Abin da ya fara zuwa ransa shi ne bitar banɗaki ta yi amfani. Ya yi shiru don ya haɗiyi yawu, rurin bai tsaya ba. Kafin ya gama mamaki katakon ya fizge shi.

Tsoro ya sa ya damƙe abin da ke hannunsa, babban yatsa ya tura maɓalli. Ƙyauren gidan Auta ya buɗe da kansa, Auta ya fito tsaye ƙiƙam, hannuwa a buɗe kamar an shanya riga, ya biyo gangare.

Auta ya ja birki. Tela ya tsaya cak, sai da soson kafaɗa ya kusa yin aikinsa. Auta ya wuce shi fuu. Tela, da ya ga nasa ya tsaya, ya ja yatsa baya don ya tabbatar, sai ga Auta ya ƙame a gaban kantin magani, tabarau ya zamo kan hanci.

Suka dubi juna. Ba wanda ya yi gaisuwa. Kowa ya gyara tsayuwa kamar dama can haka ya shirya, kowa ya tura maɓallinsa. Auta ya riga turawa, Tela ya tafi. Tela ya tura, Auta ya biyo. Wannan ya ja, wancan ya tsaya. Mai kantin magani ya fito da kujera ya zauna.

Tela ne ya fara ganewa, don rayuwarsa duka a kan haka take, ka taka a nan, allura ta motsa a can. Ya ɗan tura yatsa kaɗan, ya ga Auta ya matsa taku guda. Ya saki, Auta ya tsaya. Ya sake gwadawa, kamar mai gwada sabon zare a ƙyalle. Wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa wanda rabonsa da ji tun ranar da aka ce an ba shi yayar Auta.

Auta ma ba wawa ba ne. Ya dubi rimot ɗinsa, ya dubi Tela, ya tura har ƙarshe. Amma Tela ya daɗe yana hawa da sauka a katakon nan da ƙafarsa. Ya sauka abinsa, ya sunkuce katakon ya rungume a hammata, tayoyi na ta juyawa a iska. Sannan ya tura nasa maɓallin kaɗan, ɗan kaɗan, ya biyo Auta a baya yana tafiyar mai zuwa ɗaurin aure.

Gudun bai wuce na hawainiya ba. Wata tsohuwa mai sanda ta wuce su ta yi musu sannu. Amma Auta bai taɓa tsayawa a kan abin da ke motsi ba sai da kujera, ƙafafunsa sun manne, bai san yadda ake karkata ba balle sauka. A ƙarshen gangaren kuwa akwai babban kwata a buɗe, baƙi ƙirin, wanda duk ruwan wankin unguwa ke taruwa a ciki.

"Batir," ya ce ba tare da ya iya waiwayowa ba, "ja birki."

Tela ya tsaya duba wani zare da ya fito a hannun rigarsa, ya ciza shi ya yanke.

"Tela. Wasa ya isa."

"Yau garin da ɗan sanyi," in ji Tela ga mai kantin magani, wanda ya ɗauko kujerarsa ya biyo su.

"Mijin Anti."

Kwata ya matso. Warinsa ya fara gaishe su. Takalmin Auta mai tsini yana ta sheƙi.

"Yaya," in ji Auta, murya ƙasa-ƙasa.

"Kunnena ya lalace, hayaƙin mota ya toshe shi."

"Yaya, don girman Allah, birki."

Tela ya ja yatsa a hankali, yadda ake ƙarasa ɗinkin wuyan riga. Tayoyin gaba suka tsaya a bakin kwata, tabarau kaɗai ya ƙarasa ciki. Tela ya miƙa masa hannu ya sauko da shi.

Auta ya daɗe yana haki. Da numfashi ya dawo, ya miƙo rimot ɗinsa da hannu biyu.

"Mu yi musanya, Yaya. Kowa ya riƙe nasa."

Tela ya juya na hannunsa, ya goge shi da gefen riga, ya zura a aljihun gaba ya ɓalle maɓallin aljihun.

"Wannan na saya. Kuma ka ji Mai Gyara, kayan da ya fita ba ya komawa."

Tun daga ranar, kullum da safe ana ganinsu a gangare kafaɗa da kafaɗa, kowa birkinsa a hannun ɗan'uwansa. Ba a taɓa ganin surukai masu ladabi irinsu ba. Tela ya ɗinka wa Auta nasa soson gwiwa, ya koya masa wanke boris, ya hana shi shiga ruwa. In Auta ya manta bai yi caji ba, Tela ma ba ya zuwa ko'ina, don ba mai riƙe masa wuta, saboda haka da yamma yakan aika a tambaya ko fitilar ta yi kore.

"Yaya, in ƙara wuta?"

"Ƙara kaɗan, Auta. Kai fa?"

"Haka ma ya isa, Yaya. Na gode."

Matar Tela ta ce ita dai ba ta ga abin da ya sauya ba, har yanzu ƙaninta ke kai shi kasuwa. Tela ya ce shi ma shi yake kai ƙaninta, kuma a duba bayan mota, ba sawun hannunsa. Ƙaramar 'yarsa ta tambaya ina Batir ya tafi, aka ce mata ya yi tafiya.

Sabo dai turken wawa. Wani lokaci in sun kai kan hawa, Tela yakan manta ya fara ruri ta hanci, a kan na injin. Auta yana ji. Yakan dubi babban yatsan Tela, ya dubi kwata, ya gyara tabarau.

"Injin naka akwai murya, Yaya."